Yadda ake ɗora buromin a zoben benzin cikin siririn tiyo, a ɗakin gwaji irin namu na Jos

Duk wanda ya yi darasin sinadarai a sakandare ya ga abin da ke faruwa idan aka ɗiga ruwan buromin a kan fenol: nan take farin gari ya kwanta a ƙasan kwalba. Wannan garin, buromin uku ne suka hau zobe ɗaya, a gurbi na 2 da na 4 da na 6. A aji abin kallo ne. Ga mai haɗa magani kuwa asara ce, domin shi guda ɗaya yake so, kuma a gurbin da ya zaɓa.

Magungunan da muke saye a kemis sun dogara da wannan zaɓi. Lumefantirin, abokin atemeta a maganin zazzaɓin cizon sauro, yana ɗauke da kulorin uku, kuma haɗa shi yakan fara ne da ɗora kulorin biyu a gurbi na 2 da na 7 na sinadarin fuloren. Amodiyakwin na da kulorin ɗaya, dolutegirabiya na masu ƙanjamau na da fulorin biyu. Ko inda halojin ɗin, wato dangin buromin da kulorin, ba zai zauna a magani ba, shi ne mariƙin da ake kamawa a haɗa zobe da zobe, ta hanyoyin da suka sa Heck da Negishi da Suzuki suka ci kyautar Nobel a 2010.

Tsohuwar hanya ita ce ta tukunya: a zuba komai a babbar kwalba, ana ɗiga buromin ana juyawa. Inda ɗigon ya faɗa buromin ya yi yawa, kuma idan haɗuwar ta fi gaurayar sauri, zoben da ya riga ya karɓi ɗaya zai sake karɓar na biyu kafin cokali ya zagayo. A tsarin kwarara kuwa, ruwa biyu ne ake turowa da famfo, su haɗu a wata 'yar mahaɗa, su bi siririn tiyo tare, su fito a kashe haɗin, wato a tsayar da shi da wani sinadari. Kamar injin markaɗe ne: kana zubawa ta sama, yana fita ta ƙasa, ba a tara komai a ciki. Kowane ɗigo yana samun lokaci iri ɗaya da zafi iri ɗaya. Marigayi Jun-ichi Yoshida na Jami'ar Kyoto a Japan ya nuna haka da ayodin: da ya yi gauraya a ƙananan mahaɗai, mai ayodin ɗaya ya rinjayi mai biyu fiye da yadda ake samu a kwalba. Ga kuma batun zafi. Tiyo mai faɗin ciki milimita 0.8 yana da bango kusan murabba'in mita 5,000 ga kowace mita mai cubic ta ruwa, kwalbar lita ɗaya kuwa ba ta kai 50 ba. Ninki ɗari ke nan wajen fitar da zafi.

Mataki na farko: zaɓi abin da ba zai kai ka asibiti ba

Shawarata kada ka fara da ruwan buromin tsantsa. Ya fi ruwa nauyi sau uku, yana tafasa a digiri 59, tururinsa na cin huhu, ɗigonsa na ƙona fata. Fara da garin NBS (N-buromosaksinimid), wanda ke sakin buromin a hankali kuma ana iya auna shi a sikeli. Abokin gwajinsa ya zama anisol. Yana da araha, ba ya da rigima, kuma reshensa na metoksi yana tura buromin zuwa gurbin para, wato wanda ke fuskantarsa, kaɗan ne ke zuwa orto na kusa da shi. Don haka abubuwa huɗu kawai za ka nema a ƙarshe: anisol da bai haɗu ba, mai buromin a para, mai buromin a orto, da mai buromin biyu. Ruwan narkarwa ya zama asetonaitiril.

Duba launin NBS ɗinka. Mai kyau fari ne tas. Idan ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro, ya fara ruɓewa, kuma lissafinka zai ƙi fita. Damunar Jos da laimarta ba ta raga masa, sai a rufe shi da kyau a firji nesa da haske. Wanda ya canza launi ana sake tace shi daga ruwan zafi, a busar.

Abu ɗaya ban yarda a yi sassauci a kansa ba: kada a narka NBS a cikin ruwan narkarwa na DMF a ajiye. Haɗin kan ɗauki zafi da kansa ya ruɓe da ƙarfi, kuma an sha gargaɗi a kan haka a masana'antun magani.

Mataki na biyu: gwada a 'yar kwalba tukuna

Mutane kan tsallake wannan saboda ɗokin ganin famfo na aiki. Haɗa kaɗan daga ruwan biyu a ƙaramar kwalba, daidai kaurin da za ka yi amfani da shi. Tambayoyi biyu kake nema wa amsa. Shin wani gari na sauka? NBS kan bar saksinimid bayan ya ba da buromin ɗinsa, kuma idan ruwan ya yi kauri ko sanyi ya yi yawa zai iya daskarewa ya toshe tiyo. Sannan tsawon wane lokaci haɗin ke ɗauka? Ɗauki samfur bayan minti 5, 15, 30 da awa ɗaya ka duba a farantin TLC, wanda ke raba sinadaran da ke cikin samfur ya nuna su ɗigo-ɗigo. Abin da ke buƙatar kwana guda a kwalba bai dace da tiyo ba sai an nemo abin da zai hanzarta shi.

Mataki na uku: kayan aiki

Famfon sirinji biyu. Na ɗakin gwaji ya fi, amma na asibiti da aka daina amfani da shi yana iya aikin fara koyo. Shi da mililita a awa yake lissafi, don haka 30 a awa daidai yake da 0.5 a minti. Illarsa ita ce da zarar ya ji matsi sai ya ɗauka jijiya ta toshe, ya yi ƙara ya tsaya. Sirinjin ya zama na gilashi, kan sandar turawarsa na PTFE, wata roba mai fulorin, saboda baƙar robar sirinjin asibiti kan kumbura a ruwan narkarwa.

Tiyon ya zama na roba mai fulorin, wato PFA ko FEP ko PTFE, mai faɗin ciki milimita 0.8. Kada ka ari tiyon ƙarin ruwa na asibiti, robarsa na narkewa ta shiga samfurinka, ka wuni kana neman asalin baƙon sinadari a sakamako. Baƙin ƙarfe, har wanda ba ya tsatsa, buromin da asid ɗin HBr suna cin sa, don haka mahaɗar mai siffar T da duk mararrabar da ruwa zai taɓa su zama na roba mai fulorin ko gilashi. Ƙaramin ramin mahaɗa, kamar milimita 0.5, ya fi gauraya da kyau.

Sai kwanon ruwa mai na'urar daidaita zafi da za a nutsar da nadin tiyon, da 'yar na'urar riƙe matsi a bakin fita, mai riƙe matsin bar 2 zuwa 3 (bar ɗaya kusan matsin iskar sarari ne). Komai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki, ba wanda aka mai da kabad ba. Tabarau, safar hannu, da kwalbar ruwan sodiyam salfait a gefe tun kafin a buɗe komai.

Sai wuta. Idan aka ɗauke ta famfo ya tsaya, ruwan da aka tsara ya yi minti 10 a tiyo zai yi awa biyu, abin da ke ciki ya lalace, sannan sai an sake jiran tsarin ya daidaita. Famfo da fankar akwatin hayaƙi su hau kan inbata ko batirin sola. Wannan na cikin tsarin aikin, ba ƙari ba ne.

Mataki na huɗu: lissafi

Mita ɗaya ta tiyo mai milimita 0.8 tana ɗaukar kusan mililita 0.5. Mita 20 ke nan za ta ba ka mililita 10. Lokacin zama shi ne girman cikin tiyo a raba da jimillar gudun famfo biyu. Kowane famfo na ba da 0.5 a minti, jimilla 1.0, lokacin zama minti 10. Ka ninka gudu, lokaci ya koma minti 5. Ka rage shi rabi, ya koma 20.

Ruwa na ɗaya: anisol giram 2.16 a cike da asetonaitiril zuwa mililita 100, kaurin mola 0.20 a kowace lita ke nan. Ruwa na biyu: NBS giram 3.74 zuwa mililita 100, mola 0.21. NBS ya ɗara da kashi 5 cikin 100. A wannan gudun milimol 6 na anisol ke shiga kowace awa, kuma ko da duka ya koma abin da ake so, giram 1.1 da 'yan kai za ka samu a awa. Kaɗan ne, amma a wannan matakin ilimi ake saye, ba kaya ba.

Kada ka yarda da lambar da famfo ya nuna. Tura asetonaitiril zalla na minti 10 cikin kwalbar da ka auna. Mililita 5 ya kamata ya yi nauyin giram 3.93. Idan famfo ɗaya ya fi ɗan'uwansa da kashi 5 cikin 100, ya cinye duk tazarar da ka tsara, kuma za ka ɗora laifin a kan sinadari alhali na inji ne.

Mataki na biyar: tayar da tsarin

Cika tiyo da asetonaitiril zalla, ka bi kowace mararraba da busasshiyar takarda ka ga ko tana yoyo. Fitar da kumfar iska daga sirinji. Saita kwanon ruwa a digiri 25. Rufe nadin tiyon da sirinjin NBS daga haske.

A nan zan ɗan daɗe, don haske na iya juya aikin gaba ɗaya. A duhu, cikin ruwan narkarwa irin asetonaitiril, buromin na hawa zobe. A haske kuwa yakan rabu gida biyu ya bi wata hanya, ya kama reshen metil da ke jikin zobe idan akwai. Da anisol matsalar ba ta da yawa, amma ranar da ka koma toluwin ko metil-anisol, hasken taga kaɗai ya isa ya ba ka abin da ba ka nema ba, kuma irin waɗannan masu buromin a reshe suna sa hawaye sosai. Masu son wannan hanyar da gangan fitilar LED suke haskawa, galibi mai nanomita 405. Kai da kake son zobe, duhu kake nema. Takardar alminiyam ta isa muddin NBS ne a tiyo. Ranar da ka koma buromin tsantsa ka cire ta ka sa baƙin ƙyalle ko akwati, domin buromin da alminiyam in sun haɗu wuta suke kamawa.

Kunna famfo biyu tare. Abin da ya fara fita ba sakamako ba ne, gauraye yake da ruwan wankin da ke gaba. A zubar da ninki uku na cikin tiyo, wato minti 30 a misalinmu, kafin a ɗauki samfurin farko.

Kuma samfurin ya faɗa kai tsaye cikin ruwan sodiyam salfait, ana girgizawa. Wannan ne wurin da ɗalibai da yawa ke yaudarar kansu ba su sani ba. Idan ka tara ruwan a kwalba babu abin kashewa, NBS da ya rage zai ci gaba da aiki a kwalbar, ka rubuta cewa an gama a minti 10 alhali a kan tebur aka ƙarasa. Ƙarshen haɗi shi ne inda aka kashe shi, ba bakin tiyo ba. Taɓa takardar sitaci da ayodaid a ruwan: idan ta yi shuɗi mai duhu, da sauran NBS da ba a kashe ba. Sodiyam tayosalfet ma na aiki, sai dai in akwai asid yakan saukar da garin farar wuta, wanda in a cikin tiyo ne zai toshe shi. Daga baya, idan hannu ya faɗa, sai a ƙara famfo na uku da mahaɗa ta biyu a riƙa kashewa a cikin layin.

Mataki na shida: karanta sakamako

TLC zai gaya maka ko anisol ya ƙare, amma ba zai raba maka orto da para yadda ya kamata ba. Sai da GC ko HPLC, injinan da ke raba sinadarai su nuna kowane a matsayin tsini a jadawali. Idan GC mai haɗe da ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadari ne, buromin na sa hannu da kansa: yana da iri biyu, 79 da 81, kusan daidai wa daida a halitta. Mai buromin ɗaya zai nuna tsini biyu masu tsayi ɗaya a 186 da 188. Mai biyu zai nuna uku a 264, 266 da 268, na tsakiya ya ninka na gefe. Kulorin kuwa uku da ɗaya yake bayarwa.

Idan injin sashenku a Jami'ar Jos yana da layi ko yana hutawa, a tambayi cibiyoyin Abuja, kamar cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu ko cibiyar kimiyya ta Sheda. A kira a tabbatar tukuna kafin a shiga mota. Samfurin da za a yi tafiya da shi a tabbata an kashe shi sarai, an raba shi da ruwa, an rufe a kwalba mai duhu. A sa wani sinadari sananne da ba ya shiga haɗin, a ma'auni tsayayye, cikin ruwan anisol tun farko, don a riƙa gwada tsayin kowane tsini da nasa.

Ɗauki samfur uku a jere, tazarar minti 10. In ba su yi kama ba, tsarin bai zauna ba, kuma babu amfanin canza komai tukuna.

Mataki na bakwai: gyara

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a jira ninki uku, a ɗauki samfur.

Anisol ya rage da yawa? Rage gudu don lokaci ya ƙaru, ko ɗaga zafi zuwa 40. Idan har yanzu yana jan ƙafa, ɗan asid kaɗan a ruwan anisol yana zaburar da NBS. Mai buromin biyu ya bayyana? Rage gudun famfon NBS har ma'auni ya dawo ɗaya da ɗaya, ko ƙasa da haka kaɗan. Ni na fi son in bar ɗan anisol bai haɗu ba, domin raba shi da abin da nake so ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan raba mai ɗaya da mai biyu. Orto ya yi yawa? Sauke zafi, ko da ruwan ƙanƙara ne, ka biya da ƙarin lokaci.

Akwai gwaji ɗaya mai daɗi da ke tona asirin mahaɗa. Ninka tsawon tiyo ka ninka gudu, lokacin zama bai canza ba. Idan sakamako ya gyaru, ashe gauraya ce matsalarka, ba sinadari ba. A gudu kaɗan ruwa biyu kan tafi kafaɗa da kafaɗa a tiyo ba su cakuɗe da wuri ba. Maganin shi ne mahaɗa mai ƙaramin rami, ko ɗan guntun bututu cike da ƙananan duwatsun gilashi bayan mahaɗar.

Wani zoben kuma ba a gyara shi da famfo. Anilin yana da zafin nama kamar fenol, uku yake kwasa. Sai an fara rufe masa baki an mai da shi asetanilid, sannan ya karɓi ɗaya a para. Naitirobenzin akasin haka ne: ba ya so, sai da asid mai ƙarfi irin salfurik, kuma a meta yake karɓa, wato gurbin da ke tsakanin orto da para. Tiyo na taimaka wa zaɓi, amma reshen da ke kan zobe shi ne mai faɗa a ji.

Yanayin gari ma na shiga lissafi. Asetik asid tsantsa, wanda ake yawan amfani da shi a wannan aiki, yana daskarewa a digiri 16.6. Daren hunturu a Jos, Disamba da Janairu, yakan sauka ƙasa da haka sosai, sai ka zo da safe ka tarar tiyo ya zama sanda. Daikuloromiten kuma a kusan digiri 40 yake tafasa a bakin teku, a tudun Jos mai tsayin mita 1,200 da wani abu yana tafasa ƙasa da haka, a Abuja kuwa zafin Maris kaɗai ya kusa kai shi. Kumfa a tiyo na tura ruwa gaba ta rage lokacin zama. Abin da na'urar riƙe matsi ke hanawa ke nan.

Daga nan sai ina

NBS na da tsada idan aiki ya girma, kuma fiye da rabin nauyinsa shara ce. Masu bincike a Graz ta Ostiriya da Ghent ta Beljiyam sun nuna yadda ake samar da buromin a cikin tiyon kansa, daga asid ɗin HBr da sinadari mai ƙona shi kamar sodiyam buromet ko haifokulorait, a yi amfani da shi nan take a kashe ragowar kafin ya ga iska. Haka ma kulorin. Babu kwalbar buromin a kabad, kuma abin da ke raye a kowane lokaci bai wuce cikin 'yan mitocin tiyo ba. Sai dai ruwa biyu marasa haɗuwa ne ke tafiya a ciki, gauraya ta ƙara wuya, kuma yoyo ɗaya na nufin iskar guba. Wannan aikin wanda ya ƙware a na NBS ne, ƙarƙashin idon malami. A nan kuma kada a wanke layi da asiton: shi da buromin suna haifar da sinadari mai sa hawaye. A fara da salfait, a bi da ruwa, sannan ruwan narkarwa.

Fulorin tsantsa kuwa a bar shi ga masu kayansa. A Jami'ar Durham ta Ingila an haɗa fulusaitosin, maganin sanƙarau na fangas da ke kama masu ƙanjamau, ta tura iskar fulorin da aka sirka da naitirojin cikin bututu, mataki ɗaya kacal. A nahiyarmu, Farfesa Paul Watts na Jami'ar Nelson Mandela a Afirka ta Kudu ya daɗe yana aiki kan haɗa magunguna ta hanyar kwarara domin a riƙa yin su a gida.

Wajen ƙara yawa, hanya mafi aminci ita ce a bar tsarin ya daɗe yana gudu, a sauya sirinji da famfon da ke zuƙa daga kwalba. Bayan haka a jera tiyo biyu ko huɗu iri ɗaya. Faɗaɗa tiyo shi ne na ƙarshe, domin kana ninka faɗin kana rage bangon da ke fitar da zafi da rabi ga kowane mililita, gauraya ma ta canza, don haka dole a koma mataki na shida a sake aunawa.

Sharar da ke da halojin a tara ta a jarka daban mai lakabi, kada ta haɗu da sauran ruwan narkarwa, kada kuma ta bi kwata. Jami'in kula da lafiyar ɗakin gwaji ne zai faɗi yadda za a miƙa ta bisa ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta NESREA. Kafin a tashi, a wanke tiyo da asetonaitiril zalla ninki biyar na cikinsa, a tura iska ta busar da shi, a rubuta tsawonsa da ranar da aka fara amfani da shi a jikin nadin.